Tun da na fara kwana da injin CPAP bana jin ƙamshi da safe, Likita injin ne ke kashe min hanci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ni mace ce shekarata 51, ina zaune a Unguwar Rogo nan Jos, sana'ata haɗa humra da turaren wuta. Na daɗe ina fama da minshari, maigida yace har numfashina tsayawa yake cikin dare sai na zabura, ga hawan jini ga gyangyaɗi da rana. Ɗana ya kaini Abuja aka min gwajin barci, akace numfashina na ɗaukewa sau 34 a awa ɗaya, shine aka haɗani da injin CPAP, mai taimaka wa numfashi lokacin barci, mai takunkumin hanci. Yau sati uku kenan, barci kam Alhamdulillah, amma in na tashi da asuba bana jin ƙamshin komai sai wajen azahar yake dawowa, bakina a bushe ƙamas, wani lokacin kuma in wuni ina jin warin roba. Shekaranjiya na haɗa humrar amarya na cika mata turare ban sani ba sai da 'yata ta faɗa min. Dan Allah injin ne ke kashe min hanci? In ajiye shi ne?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in fara da abinda ya fi damunki, kar ki ajiye injin nan. Sau 34 a awa ba wasa bane, a ma'aunin da muke bi daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abinda ya haura 30 kuma mai tsanani ne, kuma kowane ɗaya da aka ƙirga ana nufin numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai na aƙalla daƙiƙa 10. Ga ki da hawan jini a kai. Shi kuwa hancin, yadda kika ce yana tafiya da safe ya dawo da rana, wannan kaɗai ya kwantar min da hankali, don jijiyar da ta mutu bata farfaɗowa duk azahar. Hanya ce take toshewa take buɗewa.

Kinga wurin da ake jin ƙamshi ba a bakin hanci yake ba, can sama yake a rufin kogon hanci daidai tsakanin idanu, ɗan fili ne kusan faɗin farcen babban yatsa a kowane ɓangare. Kafin kiji ƙamshin sandal sai abu biyu sun faru, iska ta samu ta hau can sama, sannan ƙamshin ya narke cikin 'yar siririyar majinar da ta lulluɓe wurin. In naman cikin hanci ya kumbura iska bata kaiwa, in majinar ta bushe tayi kauri kamar ƙaro ƙamshi baya narkewa. Toh duka biyun injin nan na iya jawowa a makonnin farko.

Aikin hanci dama shine ya ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta isa huhu, idan kin fitar da numfashi kuma ya maido da wani kaso na danshin nan ya riƙe. Shi CPAP ba iskar oksijin yake baki ba kamar yadda mutane da yawa ke zato, iskar ɗakinki ce yake zuƙa ya turo da ɗan ƙarfi don ta tokare maƙogwaro kar ya rufe, ƙarfin yakan kama daga 4 zuwa 20 gwargwadon yadda aka saita miki. Wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fito da dabarar a 1981, kuma tun wancan lokacin ƙorafin da masu amfani da shi suka fi kawowa kenan, bushewa da toshewar hanci. Yanzu ki haɗa da inda muke. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, hunturunmu kin san shi, leɓe na fashewa, ƙafa na kaushi, yara na haɓo, ki shanya zani kafin ki juya ya bushe. Irin wannan iskar ce ake tura miki cikin hanci awa shida bakwai ba hutu.

Amma abinda na fi zargi a maganarki shine bushewar bakin nan. Takunkuminki na hanci ne kawai, in barci yayi nauyi baki ya buɗe sai iskar ta shiga ta hanci ta fice ta baki, hanya ɗaya kenan kamar an buɗe ƙofa da taga a lokaci guda, danshin da hanci ya saba maidowa duk ya tafi. Shi kuma hanci in yaji yana bushewa sai ya ƙara jawo jini, naman ya kumbura, ya toshe, in ya toshe ki ƙara buɗe baki, haka abin zai ta zagayawa har asuba. Shi yasa kike tashi kamar mai mura alhali ba mura kike ba.

Maganin farko yana jikin injin. Yawancinsu suna da ɗan tankin ruwa da faranti mai ɗumama shi a ƙasa, iska na bi ta kan ruwan ta kwashi danshi. Wallahi abin na bani haushi, sau da yawa mutum zai zo min da inji mai tsada, in duba in tarar tankin ko ɗigon ruwa bai taɓa gani ba, an miƙa masa kwali kawai ba wanda ya zauna ya nuna masa. Ki duba naki. In kina zuba ruwa, ki ƙara lambar danshin mataki ɗaya, ki kwana biyu uku ki gani, in bai isa ba ki ƙara. Sai dai a sanyin Jos akwai wata matsala, iska mai ɗumi in ta bi ta tiyo mai sanyi sai ta koma ruwa, kiji yana ƙara cikin tiyon ko ya fantso miki a fuska cikin dare, mutane da yawa a nan suke kashe ɗumin gaba ɗaya. Kar ki kashe. Ki ajiye injin ƙasa da tsayin katifarki don ruwan ya gangara baya, ki tura tiyon cikin bargo ko a ɗinka masa riga da tsohon suwaita, akwai kuma tiyo mai ɗumama kansa in da hali.

Ruwan tankin, tataccen ruwa na kemis ya fi. Dan Allah banda ruwan batir na wajen masu gyaran mota, ana iya samun asid a ciki ko a jarkar. In ba a samu tataccen ba ki tafasa ruwa mai kyau ya huce, sai dai zai riƙa barin farin gishiri a gindin tankin, ki riƙa wankewa da ruwan khal. Kullum da safe a zubar da ragowar, a bar shi ya bushe.

Maganar baki kuma, akwai maɗaurin haɓa da ake sayarwa, in bai yi ba a canza miki takunkumi zuwa mai rufe hanci da baki duka. Injin yana rubuta yawan iskar da ke zurarewa kowane dare a ɗan katin da ke jikinsa, in kin koma wajen waɗanda suka saita miki ki ce su duba wannan, su duba kuma ko ƙarfin iskar ya miki yawa. Ke dai kar ki taɓa lambar ƙarfin da kanki.

Sannan ki riƙa wanke hanci da ruwan gishiri kafin kwanciya da kuma bayan kin tashi. Akwai na feshi a kemis, a gida ma ana haɗawa, ruwa rabin lita wato cikin ledar fiya wata ɗaya, a tafasa ya huce, a sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe ba a tula ba. Abinda bana so shine Otrivin da ire-irensa, suna buɗe hanci nan take mutum yaji daɗi, amma in aka wuce kwana uku zuwa biyar ana fesawa sai hancin ya koma toshewa fiye da da, ya zama ba a iya barci sai da shi. Ƙwayoyin mura masu buɗe hanci ma wasunsu na ɗaga hawan jini, ke ba naki bane. In dama kina da atishawa da ƙaiƙayin hanci lokacin ƙura, likita zai iya rubuta miki feshin sitiroid irin su Avamys ko Nasonex, shi kuma baya aiki rana ɗaya, sai an jure sati ɗaya zuwa biyu. Basilin da man zafi irin su Robb kar ki cusa su cikin hanci, maiƙon na iya gangarawa huhu a hankali ya jawo ciwo, kuma yana lalata robar takunkumin.

Yanzu warin roba. Sabon takunkumi da tiyo dama suna da warinsu, kin kwana kina shaƙa dole ya biyo ki, yana gushewa da wanki. Ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, takunkumi kullum don maiƙon fuska da man shafawa na maƙalewa, tiyo sau ɗaya a sati, a rataye a inuwa ya tsane. In warin ya koma na fumfuna to tanki ne ko tiyo ke kwana da jiƙa. Amma ke akwai abinda ya shafe ki daban saboda sana'arki. A bayan injin akwai 'yar ƙofar da yake zuƙar iska, da ɗan farin filta a ciki. Duk abinda ke ɗakin nan shi zai ɗura miki. In a ɗakin kwananki kike turara kaya ko nan kwalaben humra suke, toh hancinki kwana yake cikin turare, kuma hanci yana da ɗabi'a, ƙamshin da ya daɗe a ciki sai ya daina lura da shi, shi yasa mai daddawa bata jin warin daddawarta. Ina kyautata zaton wannan ma na cikin abinda ya sa kika cika wa amarya turare. Ki fitar da kayan sana'a daga ɗakin, kar a kunna kasko a nan da dare, maganin sauro na hayaƙi ko na feshi ma haka, in an fesa a rufe injin a jira ɗakin ya sha iska. Kuma na san masu turare, kar zuciya ta raya miki ki ɗiga ko ɗigo ɗaya na miski a tankin nan don ya yi ƙamshi, kai tsaye huhu zai tafi. Filtan ki duba shi duk sati, da hunturu nan da nan yake komawa ja, in ya canza launi a sa sabo.

Janareto kuwa a nesa da taga. Filtan nan ƙura kawai yake tarewa, baya tare guba, kuma gubar hayaƙin janareto da ke kashe mutane cikin barci bata da wari ko kaɗan, ko mai lafiyayyen hanci baya jinta. Tunda da safe hancinki baya aiki sosai, ki sa wani ya riƙa duba miki tukunyar gas kafin a kunna wuta.

Wani abu kuma, ki duba sunan injin, musamman in na hannu aka sayo. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya yi kiranyen miliyoyin injinansa, ciki har da DreamStation na farko, saboda soson da ke rage ƙara a ciki yana iya ruɓewa ya fitar da baƙin gari da tururin sinadari, zafi da laima na ƙara saurin lalacewarsa. In naki irinsu ne, ko kina ganin baƙin burbushi a tiyo, ki kai a duba da wuri a san yadda za a canza. In kuma ƙauri kika ji kamar waya na ƙonewa, wannan a cire daga soket nan take, wutarmu da hawa da sauka gara a haɗa shi da sitabilaiza.

Abin da zai baki mamaki shine ita kanta cutar ɗaukewar numfashin tana rage jin ƙamshi, shekara da shekaru mutum na kwana baki buɗe, oksijin na faɗuwa yana tashi. Binciken da aka yi ana auna hancin masu cutar kafin su fara injin da bayan kamar wata uku ya nuna da yawansu jin ƙamshinsu ƙaruwa yayi. Wasu ma su dawo suna ƙorafin komai ya musu ƙarfi, warin kwata, ƙarnin kifi, turaren da suka saba ya hau musu kai, abinci ma ya canza ɗanɗano, don harshe zaƙi da gishiri da tsami da ɗaci da ɗanɗanon nama kawai ya sani, sauran daɗin miya ta bayan maƙogwaro yake hawa hanci. Wannan yana daidaita da kansa.

Ki gwada abubuwan nan sati biyu zuwa huɗu. In ba canji, ko ƙamshin ya daina dawowa da rana kwata-kwata, ki je sashen kunne da hanci da maƙogwaro, akwai a JUTH, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo, a leƙa da 'yar kyamara a ga ko akwai tsiro ko ciwon kogon hanci ko karkacewar ƙashin tsakiya. Kar ki jira wannan lokacin in hanci ɗaya ne kawai ya toshe yana fitar da jini ko majina mai ɗoyi, ko ruwa garau kamar hawaye na ɗiga ta hanci ɗaya in kin sunkuya, ko kina jin ƙauri ba abinda ke ƙonewa tare da ɗaukewar hankali ko ciwon kai mai tsanani. In kuma kwanan nan kinyi zazzaɓi da mura, ki faɗa wa likitan, tun korona a 2020 muka ga yadda ƙwayar cuta ke ɗauke jin ƙamshi ko ta juya shi, nama ya koma wari.

Kafin nan ga ɗan aikin da zai miki sauƙi tunda kayan na gidanki. Ki samu ƙananan kwalabe huɗu, ɗaya kanumfari, ɗaya ɓawon lemun tsami, ɗaya citta, ɗaya turaren fure da kika sani sarai, safe da yamma ki sansana kowanne kamar daƙiƙa 20 kina tuna yadda ƙamshinsa yake. Wani likita a Jamus, Thomas Hummel, ya gwada irin wannan horon na sati 12 aka wallafa a 2009, yanzu muna ba marasa lafiya shi sosai. Ki riƙa rubuta wanne kika ji da ƙarfe nawa, takardar ki tafi da ita asibiti tare da injin da takunkumin gaba ɗaya. Haɗin humra kuma ki maida shi bayan la'asar tukunna, ki auna da murfi ko sirinji maimakon hanci, 'yar taki ta zauna kusa tana sansana miki.