Hukuncin Yin Digiri na Biyu a Fannin Inshora da Tantance Haɗurra

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na gama digirin farko a fannin akanta, yanzu na samu gurbin digiri na biyu a fannin inshora da tantance haɗurra. Mahaifina ya ce ya ji malamai suna cewa inshora haramun ce, don haka karatunta ma bai halatta ba. In karɓi gurbin ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, karɓi gurbinka, karatun ya halatta. Inda za ka yi taka-tsantsan shi ne wurin aiki bayan ka gama.

Abin da mahaifinka ya ji gaskiya ne game da inshorar kasuwanci, wato wadda kamfani ke sayarwa don neman riba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmin Duniya) da ke Makka ta haramta ta a 1398 Hijiriyya, Shehu Mustafa Zarƙa ya saɓa wa sauran malaman a zaman, sannan Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haramcin a Jidda a 1985. Hujjar masu haramtawa ita ce garari, wato rashin tabbas a cikin ciniki. Mutum yana biyan kuɗi duk shekara bai san ko zai karɓi wani abu ba, kamfanin ma bai san nawa zai biya ba, ribar ɗaya asarar ɗaya ce. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari. Ga kuma kuɗin jama'a da kamfanonin ke juyawa a harkokin kuɗin ruwa. Wannan ra'ayin na haramci na bi.

To amma sanin abu daban, aikata shi daban. Huzaifa ɗan Yaman (RA) ya ce mutane suna tambayar Annabi (SAW) game da alheri, shi kuwa yana tambayarsa game da sharri don kada ya riske shi. Kuma mafi yawan abin da za a koya maka ba ƙulla yarjejeniyar inshora ba ne. Lissafi ne na yiwuwar gobara, ambaliya ko karyewar jari, da yadda ake rage ɓarnar. Annabi Yusuf (AS) ya umarci mutanen Masar su bar hatsin shekaru bakwai a zangarniyarsa saboda fari mai zuwa. Wanda ya ga 'yan kasuwar Sabon Gari ta Kano suna tsaye a kan toka bayan gobarar 2016, wani ya rasa rumfa uku, wani kayan da ya ɗauko bashi, ba zai raina wannan ilimi ba.

Ni har ina ganin ya hau kan wasu daga cikinmu su koye shi. Majalisar Jidda da ta haramta inshorar kasuwanci, ita ta nuna madadinta, wato takaful: mutane su zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimako, a biya wanda musiba ta faɗa wa, kamfani ya karɓi ladan wakilci, rarar da ta saura ta zama ta masu asusun. Asalinsa yabon da Annabi (SAW) ya yi wa Ash'ariyawa, wata ƙabila daga Yaman, waɗanda idan guzuri ya ƙaranta sukan tara abin da ke hannunsu a mayafi ɗaya su raba daidai. Sudan ta buɗe kamfanin takaful na farko a 1979, hukumar kula da inshora ta NAICOM kuma ta fitar da ƙa'idojin takaful a Najeriya a 2013. Asusun takaful ba ya tsayuwa da kyakkyawar niyya kaɗai. Idan babu wanda ya iya lissafa gudummawar da za ta ishi diyyar shekara, asusun zai karye, talaka ya rasa haƙƙinsa.

Bayan ka gama, nemi aiki a kamfanin takaful, bankin Musulunci, masana'anta, asibiti ko hukumar da ke sa ido a kan kamfanoni. Sayar da inshorar kasuwanci ko rubuta yarjejeniyarta bai halatta gare ka ba, saboda Allah ya ce kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. Inshorar mota da doka ta tilasta kuwa, mai biyanta ba shi da laifi.

Kada ka ci bashi mai ruwa don kuɗin makaranta. Ka zauna da mahaifinka cikin ladabi ka bayyana masa wannan, ko ku je tare wurin malamin da ya amince da shi, ka nemi albarkarsa kafin ka yi rajista.

Wallahu a'alam.