Shin gina masai na rage wa yara gudawa?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce. Na ji an ce bincike ya nuna gina masai ba ya rage wa yara gudawa. To kuɗin da ake kashewa asara ce ke nan?

Amsa: Malama, abin da kika ji yana da tushe, amma rabin zancen aka ba ki.

A jihar Odisha ta Indiya an yi gwaji a ƙauyuka 100, aka fitar da sakamakonsa a 2014. Gidajen da ke da masai sun tashi daga kashi 9 zuwa 63 cikin ɗari, amma gudawar yara ba ta ragu ba, domin da yawa an gina musu, sun ci gaba da fita daji. Daga baya aka yi manyan gwaje-gwaje a Bangaladash da Kenya da Zimbabuwe, sakamakon ya fito a 2018 da 2019: ingantacciyar salga da wurin wanke hannu ba su hana yara tsumburewa ba. A Bangaladash kaɗai gudawa ta ragu.

Me ya sa? Yaro mai rarrafe ba ruwansa da masai. A Zimbabuwe masu bincike sun zauna suna kallon jarirai, suka ga suna cin ƙasa da kashin kaji a tsakar gida. Ga ƙuda kuma, wanda bai san katanga ba: in maƙwabcinki na bahaya a fili, masanki kaɗai ba zai kare tuwon gidanki ba.

Dubi birnin Salvador na Brazil. Can gari guda aka shimfiɗa wa bututun kwashe ƙazanta, gidajen da aka haɗa suka tashi daga kashi 26 zuwa 80, gudawar ƙananan yara ta ragu da kusan kashi 22.

Saboda haka ni ba na gamsuwa da rahoton da ya tsaya kan ƙirga masai. Nakan tambaya: gida nawa ne a unguwar ba su da shi? Ana shiga kuwa? Ina ake zubar da fo ɗin yara? In ramin ya cika, ina masu yasa ke kai abin? Jigawa, wadda aka ayyana a 2022 a matsayin jihar farko a Najeriya da ta daina bahaya a fili, wuri ne da ya kamata jami'o'inmu su bi da waɗannan tambayoyi, musamman da damina.