Ana cike kududdufin unguwarmu, me ƙungiyarmu za ta yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a cikin birnin Kano. Sati uku ke nan tifofi na juye ƙasa da ɓaraguzai a kududdufin da ruwan lungunanmu yake gangarawa. An ce wani ne ya saya zai gina shaguna. Matasa sun ce za su tare hanya su kori leburori. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai a lallashi matasan nan. Ranar da aka jefi direban tifa, maganar kududdufi ta mutu, ta koma ta 'yan sanda da beli, mai ginin kuma ya zama shi ne abin tausayi.

Kuna da gaskiya da kuka damu. Kududdufan Kano ramuka ne da kakanni suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gina gidaje da ganuwa, daga baya suka zama mazaunin ruwan damina. In an cike, ruwa ba ya fasa zuwa, ɗakunan mutane yake nema. Na taɓa shiga wani gida a watan Agusta, shekara guda bayan an cike na unguwarsu. Katifa na kan turame biyu, buhun gero ya jiƙe har ya fara tsiro, uwargida tun asuba take kwalfe ruwa da kwano. Har yau abin yana raina.

Makaminku takarda ce. Kalmar "na saya" ba ta wadatar ba, domin abubuwa biyu ake nema a hannunsa. Na farko shaidar mallaka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna a matsayin amana, don haka ku je ma'aikatar ƙasa ku tambaya ko an yanka wurin, da sunan wa, kuma don wane amfani. Na biyu izinin gini, wanda yake hannun hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA. Mutum yana iya riƙe ta farko ba shi da ta biyu, kuma a nan ne galibi ake kama masu irin wannan aiki. Kada ku ɓata lokaci da Abuja: tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne.

Ku rubuta koke, ba dogon turanci ba. Shafi ɗaya ya isa: ina wurin yake, yaushe aka fara zuba ƙasa, gidaje nawa ruwansu ke bi ta nan. Ku haɗa da hotuna masu kwanan wata, da sa hannun magidanta da na mai unguwa da limami, a aika kwafi ga dagaci da hakimi. Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne kwafin da za a buga wa hatimin karɓa a dawo muku da shi. Koken da ba shi da wannan hatimi, gobe za a ce ba a gan shi ba. Ku riƙa komawa duk mako, mutum biyu ko uku, ba tawaga ba. In an yi shiru, gidajen rediyon Kano suna da tasirin da kowane jami'i ya sani, amma ku faɗi abin da kuke da hujjarsa kawai.

Ƙungiyar taku tana da rajista da CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista? In babu, ku yi yanzu. Rajistar amintattu, wato wakilan da ke tsaya wa ƙungiya a idon doka, ita ce ke ba ƙungiya damar shigar da ƙara da sunanta. 'Yan kasuwar Filin Idi da aka rushe wa shaguna a 2023 ta ƙungiyarsu mai rajista suka je Babbar Kotun Tarayya, ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ko me mutum zai ce game da ginin shagunan, haɗin kansu da takardunsu ne suka yi musu rana. Ku ma lauya zai iya nema muku umarnin dakatar da aiki a Babbar Kotun Jiha, kuma ya fi sauƙi tun ana zuba ƙasa, kafin a kai linta.

Sai abin da zai yi muku ɗaci. Mai ginin zai ce wurin juji ne, matattarar sauro, yara na faɗawa ciki. In sharar gidajenku ce ta rufe bakin kududdufin, ya sami hujja. Ku fito aikin gayya Asabar ɗin nan ku kwashe ta, ku ɗauki hoto, sannan a cikin koken ku nemi a yashe shi, a kewaye shi, a gyara magudanar da ke fitar da ruwansa.