Wata biyar ina fama da borin jini, wane abinci ne sanadi?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni matar aure ce a Garwa, shekarata 34. Wata biyar ke nan borin jini yana taso mini kusan kullum, galibi da dare. Jiki ya yi rudu-rudu, ga ƙaiƙayi, da safe ya ɓace. Sau biyu leɓena ya kumbura. Na daina cin kifi, ƙwai, gyaɗa da nono, ba sauƙi. Wani mai magani a unguwarmu yana ba ni deksametazon, in na sha ya lafa, in na bari ya dawo. Me zan ƙara dainawa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kada ki ƙara daina komai. Borin da abinci ke jawowa yakan taso cikin awa ɗaya ko biyu bayan an ci, in an bar abincin kuma ya tafi. Naki ya haura mako 6, kin bar abinci huɗu bai ko gezau ba. Irin wannan shi muke kira borin jini mai daɗewa, kuma da wuya a same shi da laifin abinci. Wasu ƙwayoyin halitta ne a cikin fata ke sakin sinadarin histamin, ƙananan jijiyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo, wurin ya tashi. A wajen mutane da yawa garkuwar jikinsu ce da kanta ke tsokanar waɗannan ƙwayoyi. Ba ya yaɗuwa, ba kuma dattin jini ba ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki deksametazon ɗin nan ne. Yana kwantar da bori da sauri, shi ya sa ake son sa, shi da 'yan'uwansa irin su Célestène. Amma mu kanmu ba ma ba da irinsu sai bori ya yi tsanani, kuma ba ya wuce kwana 10. Wanda ya yi watanni yana sha, fuska takan cika, hawan jini da ciwon suga su shigo, ƙashi ya yi rauni, fata ta yi sirara. Jiki kuma yakan rage samar da nasa sinadarin mai aiki irin na deksametazon saboda ya saba da na waje. Don haka in kin daɗe kina sha kullum, kada ki yanke shi rana ɗaya, likita ne zai riƙa rage miki a hankali.

Kafin ki je asibiti, ki ɗauki hoton borin da waya, domin sau tari mara lafiya yana zuwa fata ta riga ta kwanta, a fatarmu kuma ja ba ya fitowa sosai. Ki zagaye ƙwaya ɗaya da biro, ki duba gobe war haka. Bori na ainihi ba ya kai awa 24 a wuri ɗaya, ba ya barin tabo. In ya wuce haka, yana zafi, ya bar baƙi, to yana iya zama wani ciwo na jijiyoyin jini, sai an ɗan yanki fata an auna.

Gwaji kaɗan ake bukata: ƙidayar jini, alamar kumburi a jini, wani lokaci da gwajin halittar nan ta wuya da ke zama maƙoƙo. A yankinmu nakan ƙara da gwajin bayan gida saboda tsutsar ciki, in kuma tambaya ko mutum ya zauna a dazukan kudancin Kamaru, inda tsutsar loa-loa ke kawo kumburi mai zuwa yana tafiya.

Magani na farko shi ne setirizin ko loratadin, miligiram 10, kullum, ko bori ya taso ko bai taso ba. Nan ne mutane ke kuskure, sai ƙaiƙayi ya fara su sha. In an yi mako 2 zuwa 4 ba sauƙi, likita yana iya ƙarawa har ninki huɗu. Tsofaffin magunguna irin su Polaramine da Phenergan suna sa barci da kasala, ba su dace da shan kullum ba. In kina da ciki ko kina shayarwa, ki faɗa tun farko.

Wanda ninki huɗu bai riƙe shi ba, sai likitan fata. Akwai allurar omalizumab, miligiram 300 duk mako 4, da aka amince da ita don wannan ciwo a Turai da Amurka a 2014, sai dai tsada gare ta da wuyar samu. Akwai maganin siklosporin, wanda mai shansa dole a riƙa auna masa hawan jini da ƙoda. Ciwon yakan ɗauki watanni ko shekaru, amma ga mafi yawa yana tafiya da kansa.

Ki guji aspirin, ibuprofen da diklofenak, suna hura borin wasu. Parasitamol ya isa. Zafin Garwa na Maris da Afrilu, ɗaurin zani mai matsewa da damuwa ma suna ƙara shi. In kina shan maganin hawan jini irin kaptopril, ki nuna wa likita kwalin, domin maganin yana iya kumbura leɓe. Ranar da harshe ya kumbura, murya ta shaƙe ko numfashi ya yi wuya, a kai ki asibiti nan take, ko tsakar dare ne.