Yaƙi ne ya kawo idon roba?

Ka tambaya ko yaƙi ne ya kawo idon roba. Ba shi ya fara shi ba, amma shi ya sauya masa kama. Tun 1835 wani mai sana'ar gilashi, Ludwig Müller-Uri, ya fara ƙera idon gilashi a garin Lauscha na Jamus. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyar samun gilashin, likitocin haƙori na sojan Amurka suka koma ga robar da suke haƙoran roba da ita. Wannan dabara tana burge ni, don ko idon ya faɗi ƙasa, ba ya tarwatsewa kamar gilashi.

Kada ka ɗauka yana gani, gurbi kawai yake cikewa.