Tambayoyin Masu Karatu: Na sayi tsohuwar Land Cruiser, amma da ta ɗau zafi sai ta mutu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi Toyota Land Cruiser FJ40 ƙirar 1978 mai amfani da fetur, wanda ya sayar min ya ce ta daɗe a ajiye ba a hawa. Da safe bugu ɗaya take tashi, amma in na yi tafiyar kamar minti ashirin sai ta fara fizga, in na taka totur ba ta amsawa, daga nan sai ta mutu, in na ɗan jira kuma ta tashi kamar ba ita ba. An canza filogi, an canza batir, ba abin da ya sauya, yanzu makanike ya ce sai dai a cire kafireto a sa sabo. Don Allah mene ne abin yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Kafin komai ina roƙonka kar ka bari a cire wannan kafireton tukuna. In ba a taɓa canza shi ba, ainihin na kamfani ne, ƙirar Aisan, wanda ya zo da injin 2F mai silinda shida da Toyota ta fara sa wa waɗannan motoci a 1975, ana wanke shi ana gyara shi, kuma gaskiya sau da yawa ba shi ne mai laifin ba. Batir kam tun farko bai shigo maganar ba tunda motar tana tashi.

Yadda mota take mutuwa shi ke faɗa maka inda ciwon yake. In ta ɗauke lokaci ɗaya kamar an murɗa makulli, wuta ce. In kuma tana fizga tana shaƙewa ƙarfi na raguwa a hankali irin yadda ka bayyana, toh kusan kullum mai ne bai isa ba. Kuma gwajin a daidai lokacin da ta mutu ake yinsa, ba washegari a gareji ba bayan ta huce tana tashi lafiya lau kowa yana cewa ai ba komai.

Da ta mutu ka gangara gefen hanya, ka fara buɗe murfin tanki kana saurare. In ka ji iska ta shige da ƙarfi, fuuu, hanyar da tankin ke shaƙar iska ta toshe kenan, famfon mai yana ta ja har ya kai inda ba zai iya ba. Sai ka ɗaga bonet ka leƙa jikin kafireton, akwai wata 'yar tagar gilashi zagayayya da ke nuna tsayin fetur a ciki, ka goge ta da tsumma ka haska da fitilar waya. Fetur ya kamata ya tsaya a tsakiyar gilashin. In ka ga wayam, magana ta ƙare, mai ba ya isowa, kaga kenan ko sabon kafireto aka ɗaura haka zai zauna a bushe.

Ni abin da na fi zargi shi ne tankin, saboda kalmar nan da ka faɗa cewa ta daɗe a ajiye. Tankin ƙarfe in ya zauna ba a cike ba danshi yana taruwa a ciki ya yi tsatsa, tsohon fetur kuma ya zama wani abu mai danƙo, to da ka fara hawa girgizar hanya sai ta tayar da ɓarɓashin tsatsar, famfo yana zuƙa su kuma suna taruwa a bakin bututun da ke ɗebo mai har su liƙe shi, da injin ya mutu zuƙar ta tsaya sai su zube ƙasan tanki, shi ya sa in ka jira take tashi. Ka cire filtar mai ka zazzage ta a kan farin tsumma ta ɓangaren da mai ke shiga, in ka ga jan gari ko ƙananan ɓawo masu ruwan ƙasa ka samu amsarka. Canza filta kawai ba zai wadatar ba, cikin 'yan kwanaki sabuwar ma za ta cika, dole a sauke tankin a wanke shi sosai, a hura bututun da iska, a canza duk tiyon roba da ya tsage ko ya yi tauri don tsohon tiyo yana zuƙar iska ko da ba ka ga yoyo ba.

Famfon man ma ka duba shi, irin wanda inji ke juyawa ne, a cikinsa akwai wata robar da ke bushewa in an daɗe ba a aiki da ita. Ka zaro sandar gwajin baƙin mai ka sunsuna, in kana jin warin fetur mai yiwuwa robar ta fashe, kar ka ƙara tuƙa motar sai an canza famfon da baƙin man gaba ɗaya. Sannan ka bi bututun fetur da ido ka tabbatar wani bai karkatar da shi kusa da manifol ɗin hayaƙi ba, wato bututun ƙarfen da hayaƙi ke bi ya fita daga inji, zafi yana tafasa fetur a cikin bututu, famfo kuwa ba ya tura tururi.

In kuwa ka leƙa gilashin ka ga fetur cif a tsakiya, sai a koma kan wuta. Kwayil da kondensa, kayan da ke samar wa filogi wuta, in sun tsufa suna aiki da sanyi su gaza da zafi, a gwada ko wuta na fitowa tun tana da zafin. In motarka mai kwantak ce a distiributa, wato 'yan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa suna katse wuta, tazararsa wajen milimita 0.45 ce, kuma ya zama fuskarsa ba ta ƙone ba. Akwai kuma wani ɗan solenoid mai waya a jikin kafireton, wato bawul mai aiki da lantarki da ke buɗe wa fetur hanya, in an kunna makulli za ka ji ya yi ƙas, in ya mutu motar za ta yi gudu amma ba za ta riƙe silo ba, sai dai wannan bai yi kama da naka ba.

Don Allah ka kiyaye, duk aikin fetur a fili ake yinsa, ba sigari, da abin kashe gobara a kusa. Kuma kafin a gama gyaran ka guji babban titi da gangare, don in tana da busta, wato abin da ke sauƙaƙa taka burki da taimakon inji, da inji ya mutu bayan taku ɗaya ko biyu burkin zai yi tauri a ƙafarka. Ka sake rubuto mana abin da ka gani a gilashin da kuma abin da ya zubo daga filtar, daga nan sai mu ɗora.