Ɗauke wuta ba ya kashe waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Karkada ne a nan Damagaram. Kwana huɗu ke nan tablon wutar gidana yana warin ƙonewar roba, dijonktar, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa in kaya sun yi yawa, kuma yana faɗuwa duk sanda aka kunna kilim da firigo tare. Jiya na taɓa murfin na ji shi da zafi. Wani yaro mai gyara ya ce in jira a ɗauke wuta in kira shi, zai cire dalmar hatimi ya canza wayar da ta fito daga mita, ya sa mini dijonktar mai ƙarfi. Tablon a zaure yake, nan yara suke karatun dare. Wallahi ba na samun barci. In bar shi ya yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bar shi. Tun yau ka daina kunna kilim ɗin, ka ɗauke tabarmar yara daga zauren, in kuma warin bai tafi ba ka sauke babban dijonktar ku kwana da fitila. Wari da zafi a tablo, galibi ƙusar da ke riƙe waya ce ta saki, wuta tana tsalle a wajen tana cin roba a hankali. Zancen dijonktar mai ƙarfi kuwa, ai waya yake karewa. Wayar milimita 2.5 iyakarta amfiya 20. Ka ɗora mata 32, zai daina faɗuwa, ita kuma ta riƙa dahuwa a cikin bango.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne "a jira a ɗauke wuta". Kullum sai na ji wannan magana, daga Birni har Zango, har ta zama kamar doka a bakin masu gyara. Wa ya gaya wa yaron nan lokacin da za a maido ta? Wanda zai mayar da layi yana can a tasharsa, bai san akwai hannun mutum a cikin tablon zaurenka ba, kuma ba zai buga waya ya yi sallama ba. Wuta takan tafi awa uku, takan kuma dawo bayan minti biyu.

Ko da a ce ba ta dawo ba, wayar ba ta mutu ba. Da zarar unguwa ta yi duhu, sai ka ji janaretoci sun tashi. Maƙwabci ɗaya ya isa: ya soka janaretansa a soket ba tare da makunnin sauya layi ba, ya manta bai sauke dijonktar ɗinsa ba, wutarsa ta bi wayar titi ta shigo gidanka ta baya. Haka batirin sola da aka haɗa da ka. Na taɓa zuwa wani gida ana cikin ɗaukewar wuta, maigidan yana rantsuwa babu komai a layin. Na ɗora ma'auni, allura ta haura volt 200. Sai ya yi shiru ya zauna a bakin dakali, don minti kaɗan kafin isowata ɗansa ne yake shirin kwance wayar da hannu.

Kuma a daina cewa "ai 220 ce kawai". Jikin da ya jiƙe da gumin watan Afrilu, ƙafa ba takalmi a kan siminti, wutar da za ta ratsa shi tana iya kai miliamfiya 200. Abin da bai kai rabin wannan ba yana iya birkita bugun zuciya. Shi ya sa muke nacewa a sa na'urar kariya ta miliamfiya 30 a tablo, a kuma kafa sandar ƙasa ta gaskiya, ba guntun rodi da aka cusa a busasshen yashi ba. Ɗan sukurdireba mai fitila da suke yawo da shi a aljihun gaba ba shaida ba ne. A hasken rana ko ganin fitilar ba a yi. Mai aikin kirki yakan yanke da hannunsa, ya kulle ko ya tsayar da mutum a wajen, ya gwada ma'auninsa a inda ya san akwai wuta, sannan ya auna wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Rai amana ne, Alhaji. In yaron nan ya faɗi a zaurenka, me za ka ce wa uwarsa, kai da ka buga masa waya ka ce ya yi sauri an ɗauke?

Sai batun hatimi. Daga turken titi zuwa mita da babban dijonktar mai dalma, hurumin kamfanin wuta NIGELEC ne. Ko ka sauke dijonktar ɗin, bakinsa na sama yana nan da wuta, ba mai kashe shi sai wanda ya yanke daga turke. Cire dalma kuma laifi ne, kai mai mita za a ci tara, ba yaron ba.

Ka ɗauki takardar biyan kuɗin wuta mai lambarka da hoton tablon, ka je ofishinsu ka faɗa musu a fili cewa akwai warin ƙonewa kusa da mita. Ka nemi su zo su yanke, ƙwararren mai gyaranka ya yi nasa aikin a ranar, su dawo su haɗa su sa hatimi. In kayan gidan sun fi ƙarfin amfiyar da ka yi rajista da ita, a nan za ka nemi ƙari. Na sani zirga-zirgar ofis tana da gajiya, wani lokaci sai ka koma sau biyu, amma ka karɓi shaidar cewa ka kai rahoto.

Kafin su zo, ka ajiye bokitin busasshen yashi a bakin zauren. In ka ga hayaƙi, kada kowa ya watsa ruwa: a fitar da yara, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.